An Kashe Saifu a Turmi na Bakwai

"Ruhe idonka na dama, Saifu. To, yatsu nawa kaka gani?"

Saifullah ya yi dariya, irin ta mutumin da aka ritsa. Zufa na ɗiga daga haɓarsa, hannuwansa a naɗe da farin bandeji, buhun yashin da yake naushi yana ta lilo a bayansa.

"Haba Zakiyya! Asibiti kinka maida wurin ga?"

"Nawa?"

Ya rufe idon da hannu, ya ɗan karkata kai. "Biyu."

Uku ta ɗaga. Ta sauke hannun a hankali ta mayar da shi cikin hijabi. Daga makarantar da take koyarwa ta shigo keke kai tsaye zuwa wannan ɗakin atisaye na bayan filin wasa. Wata guda ke nan tana lura da shi: idan ta tsaya ta hagunsa, sai ya juyo da kansa gaba ɗaya kafin ya gan ta.

"Uku na, Saifu," ta ce. "Uku!"

"Zuhwa ta ta shigar min ido."

"Ƙarya kaka yi! Yaya anka yi likita yab bar ka?"

Ya shiga warware bandejin yana sake naɗewa. Can ya ce, "Allon baƙaƙen da suka gwaji da shi, ai guda na ko'ina. Hardace shi niy yi."

Innalillahi! Mutumin da a makaranta ba ya iya riƙe layi biyu, yau shi ne ya haddace allon likita don a bar shi ya je a fasa masa kai.

Shekara biyar suna tare, kuma duk abin da ya zama a gabanta ya zama. Ɗan rundawa ne, wato mahauta, daga unguwar Runjin Sambo. Mahaifinsa ya rasu yana ƙarami, ƙanin mahaifiyarsa, Kawu Illo, tsohon ɗan damben gargajiya, shi ya fara ɗaure masa hannu. Daga baya wani koci ya gan shi, ya sa masa safar naushi a hannu biyu, ya koya masa damben zamani. Ya wakilci jiha, ya wakilci ƙasa, har Allah ya kai shi gasar Olamfik. Can ya ci wasa biyu, a na uku alƙalai suka ba abokin karawarsa da ɗan maki kaɗan. Da ya ci wannan, da lambar yabo ta tabbata a wuyansa. Ya dawo aka tarbe shi da jiniya, bayan sati kowa ya kama gabansa.

A lokacin ne mahaifinta, Malam Siddiƙu, ya ce to, an yi wa ƙasa hidima, ya isa haka. Ya ajiye safar ya nemi sana'a, a ɗaura aure. Maimakon haka Saifu ya shiga damben kuɗi. Wancan na baya turmi uku ne, da ɗan jini ya fito alƙalin wasa ya tsayar. Wannan kuwa turmi goma ne ko sha biyu, ba riga, kuma 'yan kallo ba su biya kuɗinsu don su ga an tausaya wa kowa ba. Yanzu ga shi ranar Asabar zai yi wasan neman kambu a Legas.

"Baba ya ce in kat tahi, kada ka sake taka mai zaure," ta ce. "Kuma ka san Baba."

"Na san shi."

"To don Allah, masoyi... don Allah ka bari."

"In bari in zama mi?" Muryarsa ta yi sama, har masu tsallen igiya suka waigo. Ya rage ta. "Kin san yadda anka kirana cikin unguwa? Wanda-ya-kusa. Ya kusa cin lamba. Ya kusa zama wani abu. Haka kika so in shigo gidanku, gidan malamai, ina wanda-ya-kusa?"

"Ni ban taɓa kiranka haka ba!"

"Ke kaɗai ta ba ki yi ba, rabin raina. Sau guda dai, Zakiyya. In ɗauko kambun ga, in aje shi gaban Malam, in ce na gama."

"In kuma niɗ ɗauki waya yanzu nih hwaɗa ma masu shirya wasan cewa ba ka gani da ido guda?"

Ya dube ta da idon nan mai lafiya, ya daɗe.

"Za su karɓe min lasisi. Kina iya yi. Amma ki sani, wanda za ki aura bayan nan ba ni na ba, gangar jikina ta kawai."

Ba ta buga wayar ba. Ta hau keke tana kuka har gida, mai keken na ta ba ta haƙuri bai san a kan me ba.

Ranar Juma'a da yamma ta kai wa mahaifinta shayi. Malam Siddiƙu na zaune kan buzunsa, littattafai sun kewaye shi, gilashi a kan karan hanci. Tun rasuwar mahaifiyarta su biyu ne a sashen nan, kuma ba wanda ya san shirunsa kamar ita. Shirun ranar mai nauyi ne.

"Ya tahi?" ya tambaya, bai ɗago ba.

"Ya tahi, Baba. Da sahe, shi da Kawu Illo."

"To. Magana ta ƙare."

"Baba..."

"Ɗiyata, zamna." Ya cire gilashin. "Kada ki bari wani shi ce maki don ɗan rundawa na nih hana. Wallahi ba shi na ba. Naman da muka ci, su ka yanka shi, kuma yaron ga yana da ladabi. Amma huskar ɗan Adam Allah ya karrama ta, an hane mu da bugunta. Shi kau abincinai kenan, shi bugi huska, a bugi tashi. Kuma ni na san mi a zaman gida babu abokin zama. Ba ni kai ki gidan da kullum kina jiran a bugo maki waya."

Ta sunkuyar da kai. Abin da ya fi ci mata rai shi ne gaskiya yake faɗa, kuma bai ma san zancen idon ba. Ta buɗe baki za ta faɗa masa, ta kasa.

Asabar, bayan la'asar, ta kulle kanta a ɗaki da waya. Ba a nuna wasan a talabijin, wani ɗan kallo ne ya ɗaga wayarsa yana haskowa kai tsaye, hoton na rawa, ihu ya cika ko'ina. Ga Saifu can cikin jan wando, ya yi mata ƙanƙanta ƙwarai.

Turmi na farko da na biyu nasa ne, ko ita da ba ta san lissafin maki ba ta gane haka. Yana shiga yana fita, ƙafarsa kamar ba ta taɓa ƙasa. Har ta fara cewa ko dai Allah zai rufa asiri.

A na huɗu abokin karawar ya gano. Ta ga lokacin da ya gano ɗin, ya koma zagayawa ta hagun Saifu kawai, yana aiko naushi daga inda ba a ganinsa. Na farko ya sauka. Na biyu ya sauka. Saifu bai ko ɗaga hannu ya tare ba.

"Hagu, Saifu! Hagunka!" take faɗa wa waya, sai ka ce yana jin ta.

A na shida fuskarsa ta kumbura, jini na bin ƙirjinsa. Aka buga ƙararrawar na bakwai. Ya tashi daga kan kujera yana layi, ya nufi tsakiyar fili, hoton ya tsaya cik. Ɗan da'irar nan ya kama juyawa a tsakiyar waya.

Ta fita tsakar gida, ta ɗaga wayar sama, ta koma ɗaki. Babu. Da hoton ya dawo, mai haskowar ya riga ya kashe. Sai ta kira lambar Saifu, don ta san wayarsa na hannun Kawu Illo. Ta kira, ta sake kira, ta sake. A ƙarshe aka ɗauka, hayaniya kamar kasuwar kara.

"Kawu! Zakiyya ta! Mi af faru?"

"An kashe shi!" tsohon ya yi ruri. "An kashe muna Saifu, turmi na bakwai! Ɗan banzan ga ta hagu yaz zo mai... ga su nan sun ɗauke shi, ku dakata mani, ku..."

Ƙit! Layin ya yanke.

Ihun da ta yi, har tattabarun maƙwabta suka tashi. Malam Siddiƙu ya shigo da gudu ba takalmi, mutumin da ba ta taɓa ganin ya yi sauri ba ko za shi masallaci. Ya same ta a ƙasa.

"Lahiya? Zakiyya! Mi na na?"

"An kashe shi, Baba... an kashe Saifu..."

Malam ya dafa bango. Ya yi salati sau uku, na ukun da ƙyar ya fito. Ya karɓi wayar ya kira da kansa, aka ce a kashe take. Ya sake, haka. Ya tsaya yana kallon wayar, sannan ya ce, "Tashi ki sa hijabi. Uwatai ba ta jin wanga labari ga bakin 'yan titi. Mu za mu kai mata."

Hanyar Runjin Sambo ba ta taɓa yi mata tsawo irin na ranar ba. Kekuna da 'yan kabu-kabu sun cushe titi, masu kayan miya na kwashe tirensu, kowa na harkarsa kamar ba a yi komai ba. Malam na tuƙa tsohuwar motarsa da hannu biyu, bakinsa na motsi. Ita kuwa abu ɗaya ke yawo a kanta: da ta buga wayar nan, da yanzu yana raye yana fushi da ita.

Suka tsaya a ƙofar gidan Inna Atika, mahaifiyar Saifu. Malam ya kashe mota, amma bai buɗe ƙofa ba. Zakiyya ta juyo, sai ta ga hawaye na bin gemunsa. Ko ranar jana'izar mahaifiyarta ba ta ga haka ba.

"Ya zo wurina," ya ce. "Jiya, bayan asuba, kahin su kama hanya. Yad durƙusa bakin zaure. Yac ce, Malam, na san ba ka so, amma ka yi mani addu'a in dawo lahiya. Zakiyya, ni da nika yi ma wanda ban sani ba addu'a, nij juya kai nic ci gaba da karatu. Yaz zamna, yaz zamna, har yat tashi."

"Baba..."

"Maraya na! Addu'a kawai yar roƙa!"

Tana sauraronsa, amma wani abu ya fara taɓa ta ta wani gefe. Muryar Kawu Illo ce ke dawo mata. An kashe muna Saifu, turmi na bakwai. Ta sake jin ta a ranta. Tsohon bai yi salati ba. Bai ce Allah ya yi masa rasuwa ba. Wane Musulmi ne zai ba da labarin mutuwar ɗan 'yar'uwarsa da zagin ɗan banza? Kuma ba kuka ta ji a muryar ba, haushi ne.

Sai ta tuna ranar da aka fara kawo ta gidan nan gaisuwa. Kawu Illo na zaune yana ba da labarin ƙuruciyarsa, ya ce shi a fagen dambe ya kashe maza sun fi a ƙirga. Ta zaro ido, Saifu ya yi ta dariya har da riƙe ciki. A bakin 'yan damben gargajiya, in ka kai mutum ƙasa, ka kashe shi ke nan. Kawu Illo kuwa duk yawon da ya yi da Saifu bai taɓa sauya baki ba.

Ba ta da tabbas. Amma in haka ne...

Malam ya ɗaga hannuwansa sama. "Ya Allah, kai na shaida. Wallahi, da za ka maido mani da yaron ga da rai, ko da dambenai, ko da mi, wallahi sai na..."

Kalma biyu suka rage. Ta san mahaifinta sarai: in ya rantse, ko zai mutu sai ya cika. Abin da ta shekara biyar tana roƙo, ga shi nan zai faɗo mata a hannu, shiru kawai ake so ta yi na daƙiƙa ɗaya. Wa zai sani? Wa zai ce ta gane?

Ta kama hannunsa ta sauke.

"Baba, kada ka rantse!"

Ya dube ta.

"Kada ka rantse. Ina jin... ina jin bai mutu ba. Kawu Illo na yab ba ni labarin, shi kau in an kada mutum ga dambe, cewa shika yi an kashe shi. Bai yi salati ba, Baba. Bai ce ya rasu ba. Ni ta nir ruɗe." Kuka ya ƙwace mata. "Kuma akwai abin da nib ɓoye maka. Idonai na hagu ba shi gani sosai. Na sani tun kahin shi tahi, ban hwaɗa ma kowa ba."

Malam ya daɗe yana kallonta. Fuskarsa ta canja, ta kasa gane ko sauƙi ne ya sauko masa ko fushi. Ya share gemunsa da gefen rawani, ya buɗe ƙofa.

"Mu shiga."

Inna Atika na tsakar gida kan tabarma, carbi a hannu, ƙaramar wayarta a cinya. Ganin Malam Siddiƙu da kansa a gidanta, da jajayen idanun Zakiyya, ya sa ta miƙe tana dafa ƙirji.

"Malam, lahiya? Wani abu yas sami ɗana?"

"Ba mu sani ba tukuna, Hajiya. Illo ya ce ma yarinyar ga an kashe shi turmi na bakwai, waya tay yanke."

"Illo yac ce?" Ta sauke numfashi, amma hannunta bai bar ƙirjin ba. "In Illo na, kaye na. Haka suka cewa. Amma ɗaukar da anka yi mai... Allah, ka dube ni."

Suka zauna. Wani akuya ya leƙo ya koma. Rana na ta yin ƙasa, Zakiyya na kallon ƙaramar wayar nan ta cinyar Inna kamar ta haɗiye ta.

Gab da magariba ta yi ƙara, baƙuwar lamba. Hannun Inna ya kasa danna ta, Zakiyya ta karɓa ta buɗe murya kowa ya ji.

"Atika? Illo na. Cajina yaƙ ƙare, wayar wani nir ara. Muna asibiti. Ya hwarka, ga shi."

Aka yi 'yar motsi. Sai wata murya mai nauyi, kamar bakin cike yake da auduga.

"Inna..."

Inna Atika ta faɗi ta yi sujada a kan tabarmar. Zakiyya ta toshe bakinta da hijabi.

"Saifu... ni ta. Ina gidanku."

Ya ce, "Zakiyya. Gara da kina nan, in hwaɗa maki da bakina. Na sha kaye. Ba kambu. Kuma likita ya duba idon, ya ce ya tahi, ba shi dawowa. Dambe ya ƙare mani." Ya ja numfashi da ƙyar. "Ki gaya ma Malam shi na da gaskiya. Ki bi maganatai. Ba ni da abin da zan zo maki da shi, masoyiya. Ko ido biyu ba ni da su."

Malam Siddiƙu ya miƙo hannu. Ta ba shi wayar.

"Saifullahi."

"Na'am... Malam? Malam, kai na?"

"Ni na. Yau na yi maka salatin mutuwa, yaro. Har na ɗauko rantsuwa a kanka, ɗiyata tat tare ni, alhali rantsuwar ita za ta yi ma daɗi. To ban rantse ba. Ba abin da yaɗ ɗaure ni. Abin da zan hwaɗi, da hankalina zan hwaɗe shi." Ya juyo ya dubi 'yarsa. "Zakiyya, kin ji da kunnenki. Ido guda, ba kambu, ba sana'a. Har yanzu kina so?"

"Ina so, Baba."

"Ɗaga murya, ba ni kaɗai ka saurare ba."

"Ina son shi! Wallahi ina son shi haka nan!"

Ta cikin wayar suka ji ƙaton nan da ya tsaya a filin Olamfik ya fashe da kuka kamar yaro, Kawu Illo na ce masa ya bari kada ɗinkin ya warware.

"To, na ba ka ita," Malam ya ce. "Allah shi ba ka lahiya, shi tashi kahwaɗunka. Illo, kana jina? Da an sallame shi ka kawo muna shi gida."

Ya miƙa wa Inna Atika wayar. Ladan ya ɗaga murya daga masallacin unguwa, Malam ya miƙe zai fita, sai a lokacin ya dubi ƙafafunsa ya ga tun daga gida babu takalmi. Zakiyya ta durƙusa ta rungume ƙafafun nan masu ƙura tana kuka, shi kuma ya ɗora hannu a kanta, bai ce ta tashi ba.